Namijin Dabinon Kawuna

Shekarun baya, zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, kuɗin wuri yana ja da baya kwabo yana karɓe kasuwa, na tafka wata ɓarna da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, ga furfura cike da kai. Jikokina kan tambaye ni me ya sa duk lokacin sanyi nake shimfiɗa buzu a bakin garka ina raba wa mutane furen dabino, ko wanda ban sani ba. To, ga dalilin.

Ni mutumin Miga ne. Gero na sani, dawa na sani, sai akuya da jaki. A lokacin ina saurayi sabon aure, ƙarfi ya kawo, baki kuma ya fi ƙarfin. Mahaifiyata takan ce da surutu noma ne, da rumbunmu bai taɓa ganin ƙasa ba. Yayanta, wato kawuna, a Dutse yake zaune, yana da garkar dabino a gefen Yalwawa. Allah bai bar masa ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata kuma duk suna ɗakunansu. Da ya yi niyyar tafiya Makka, sai ya aiko a kira ni. Hajjin wancan zamani da ƙafa ake yi, mutum ya tafi shekara biyar, shekara bakwai, wani ma shi ke nan.

Na iso ana tsakiyar sanyi, saura kwana uku ayarinsu ya tashi. Ya zaga da ni garkar. Dabino tara ne masu haihuwa, sai wani dogo guda ɗaya a kusurwar gabas, wanda ya fi su duka tsawo, ana hango kansa tun daga hanya. Ya nuna mini rijiya, ya nuna mini inda shinge ya yi rauni, ya ba ni igiyar hawa da wuƙarsa.

Ya ce, "Aikin bana na riga na gama, sai dai ka yi tsaro ka yi ban ruwa. Garkar nan ita ce cin Innarka, ita ce suturarta. Amana na ba ka. Abin da ba ka sani ba, ka tambaye ta."

Na ce, "Kawu, ka tafi da kwanciyar hankali. Itace ne fa."

Ya dube ni ya yi murmushi, bai ƙara ba. Da na san abin da ke cikin murmushin nan da na zauna na yi tambaya har rana ta faɗi.

Inna, matar kawu, ita ke riƙe da cinikin. Ba ƙaramar sana'a ba ce a hannunta. Ta shanya dabino a kan tabarmi, ta ware manya daban, ƙanana daban. Fatake masu zuwa Haɗeja da masu zuwa Kano sun san ƙofar gidan, su sauke mangala su cika su wuce. Wanda ya faɗo ya lalace na awaki ne, ganyen kuma ta yi saƙa da shi. Babu abin da ke fita daga garkar nan a banza. Shekarar farko dabino ya yi 'ya'ya har rassa suna rinjaya, ni kuwa na dinga yawo a gari ina buɗa kafaɗa, wai hannuna ne ke da albarka. Ban san aikin da kawu ya yi kafin ya tafi nake ci ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, dogon nan na kusurwa. Tara sun haihu, shi ko ƙwaya. Ga shi ya mamaye wuri mafi kyau, wata 'yar jigawa mai yashi mai laushi, inuwarsa da saiwarsa sun hana komai fita.

A shekarun nan ne zazzaɓin gyaɗa ya kama ƙasar. Duk inda ka zauna zancen ke nan, wai Turawa suna saye a Kano ko nawa ka kai, jirgi yana kwashewa zuwa bakin teku. Wani abokina da ke bin jakai tsakanin Jahun da Kano ya zo mini da iri a cikin ƙwarya. Muka shiga garka, ya durƙusa ya damƙi yashin kusurwar nan, ya sake shi yana zuba.

Ya ce, "Wannan ai ƙasar gyaɗa ce. Me wannan sandan yake yi a nan?"

Na ce, "Tsayuwa."

Ya ce, "To, duniya ta wuce zamanin tsayuwa."

Maganar ta yi mini daɗi, don dama abin da nake so in ji ke nan. Aka yi dace, ko in ce rashin dace, 'yar Inna da ke aure a Jahun ta haifi tagwaye, Inna ta tafi taya ta jego. Gida ya zama nawa. Ana saura kaɗan ruwa ya sauka na wasa gatari.

Na yi sara uku ko huɗu sai na ji murya ta bayan shinge. Maƙwabcinmu ne, wani tsoho mai garka jikin tamu, wanda muka taɓa yin cacar baki da shi a kan awakinsa.

Ya ce, "Ɗan nan, ajiye gatarin nan. Namiji ne."

Na ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa. Namijin da ba ya kawo komai gida, zaman me yake yi?"

Ya ce, "Da furensa ake yi wa matan aure. In babu shi ba za su haihu ba. Har nawa da shi nake yi, duk layin nan da shi muke yi."

Wallahi dariya na yi. Na ce, "Baba, mu a Miga gero ba ya neman miji, kuma yana haihuwa." A raina kuwa cewa na yi tsohon nan baƙin ciki yake yi, ya ga zan shiga gyaɗa in bar shi. Har na ƙara masa da cewa garkar ba tasa ba ce.

Ya ce, "Gaskiya ne, ba tawa ba ce. Ba taka ba ce kuma." Ya juya ya tafi.

Wuni guda na yi ina sara. Da ya faɗi ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse, ni kuwa na hau kan gungumen na zauna ina huci ina jin kaina wani gwarzo.

Inna ta dawo bayan arba'in, gyaɗa ta riga ta rufe ƙasa, kore shar. Ko ruwa ba ta sha ba ta nufi garka, ina biye da ita ina zuba bayani. Da ta kai kusurwar sai ta tsaya. Ta dubi sama, inda kan dogon yake a da, ta dubi kututturen. Sai ta zauna a ƙasa, a kan yashi, da kayan tafiyarta.

Ta ce, "Kai ka sare?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Ki bari kaka ta yi, za ki ga gyaɗa."

Ta ce, "Zan gani."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi, don na iya ramuwa da baki. Amma tun daga ranar ta daina ce mini "ɗana" yadda ta saba. Ta koma kirana "mai gyaɗa". Mai gyaɗa ga tuwo, mai gyaɗa an kira salla. Ni kuwa a wautata har daɗin sunan nake ji.

Kada in yi wa gyaɗa ƙarya, ta yi kyau. Na ɗora wa jakai, muka bi ayari har Kano, na ga jirgi da idona, na sayar, na sayo wa Inna zane mai kyau. Ta karɓa ta yi godiya, ta ninke ta sa a ƙasan adudu. Ban taɓa ganin ta ɗaura ba.

Sai sanyi ya shigo. Wata safiya ta kira ni garka ta nuna mini sama. Ƙunshin furen matan ya fara tsagewa, fari tas yana leƙowa.

Ta ce, "Mai gyaɗa, ga amare sun fito. Ina angon?"

Na juya na dubi kututturen.

Ta ce, "Kwana kaɗan gare su. In ba a sa musu furen namiji ba, abin da za su haifa ba ƙwallo, ba zaƙi, ko akuya sai ta ga dama. Kawunka yakan hau ya yanko furen dogon, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa musu yana ɗaurewa. Abin da ya yi ke nan kafin ka zo. Ka tambaye ni?"

Ban tambaye ta ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi haka muni, don an gaya mini na ƙi ji.

Babu yadda na iya, na tafi wurin tsohon da na yi wa rashin kunya. Na tarar da shi a tsaye a gindin nasa dabinon, shi ma yana kallon sama. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar da ban taɓa yi masa irinta ba. Na zaci zai rama. Sai ya ce, "Tashi, ba lokacin wannan ba ne." Ya ce 'yan mazan da suka rage a kusa ƙanana ne, masu su ma bai ishe su ba. Amma akwai wani malami a wani ƙauye bayan duwatsu, ta hanyar Kiyawa, tafiyar rabin yini, yana da namiji mai kyau. Ya ce in tafi yanzu, kada in tsaya cin abinci.

Na tafi. Kuma don a san hali zanen dutse ne, sai da na ƙulle kuɗin gyaɗa a bakin riga, wai zan saya. Na isa bayan azahar, ƙafa duk ƙaya. Na sami malamin, dattijo ne siriri, yana gyaran shinge. Bayan gaisuwa na kwance ƙullin na ajiye a gabansa, na ce fure nake so, ya faɗi kuɗinsa.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Daga ina kake?"

Na ce daga Dutse.

Ya ce, "A'a, ba daga Dutse kake ba. Mutumin Dutse ya san ba a sayar da furen namiji. Ɗauke abinka."

Na ɗauke. Na ce gaskiya ni ɗan Miga ne, garkar kawuna nake riƙo a Yalwawa, na kwatanta masa kawu. Nan take ya saki fuska, har ya kamo hannuna.

Ya ce, "Ikon Allah. Ai ka zo gida. Ka ga wannan?" Ya nuna wani namijin dabino a bayansa. "Ɗan naku ne. Ina saurayi na je neman fure wurin kakanka, kawunka yana matashi a lokacin. Kawun naka ne ya haƙo mini wannan daga gindin naku, ya ɗora mini a ka, ko goro bai karɓa ba. To me ya kawo ka nan, ga uban a gidanku? Ko ciwo ya kama shi?"

Na so in ce iska ce ta kayar da shi. Ƙaryar har ta zo bakina. Amma mutumin yana riƙe da hannuna, sai na kasa.

Na ce, "Malam, ni na sare shi. Na shuka gyaɗa a wurin."

Ya saki hannuna a hankali. Ya yi salati. Sannan ya ɗauko igiyarsa ya hau da kansa, da tsufansa, ya yanko ƙunshi biyu, iyakar abin da ya nuna a ranar. Ya naɗe mini su a ganye, ya ce kada in bari rana ta buge su, kada in girgiza, don garin da ke jiki shi ne maganar.

Ya ce, "Ba don kai na ba ka ba."

Na ce na sani.

Washegari da hantsi na hau dabino karo na farko a rayuwata don yin wannan aiki. Tsohon maƙwabci yana ƙasa yana ba da umarni, Inna tana gefe ta riƙe ƙwarya. "Ciri sili uku. Juya kansu ƙasa. Tura tsakiya. A hankali, ba dawa kake sussuka ba. To ɗaure." Ƙayar dabino kuwa ba ta san amana ba, ta shiga hannu, ta shiga cinya, har inda ba a faɗa. Ina ihu a sama, tsohon yana cewa, "Haka ake koyo." Ina jin ranar ya fanshe awakinsa.

Ƙunshi ɗaya na ba maƙwabcin, ɗaya namu. Bai isa ba, kuma mun makara. Na sake komawa ƙauyen sau biyu a sanyin nan, duk da haka cikin tara uku ne suka kama sosai. Sauran suka haifi wasu 'yan ƙanana marasa ƙwallo, suka yi ta zuba. Da lokacin fatake ya yi, ina zaune a zaure na ji Inna tana ba su haƙuri ta bayan ƙofa, mutanen da suka shekara goma suna sauka a gidan. Suka juya da jakansu, mangala a ninke. Maƙwabta ma da suka dogara da dogon nan duk sun yi asara, kuma babu wanda ya zo ya yi mini magana. Gyaɗata ta ciyar da mu a shekarar, ban musa ba, amma Inna ta koma mai jiran a ba ta, ita da take bayarwa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Da ruwa ya sauka na koma wurin malamin, ba da kuɗi ba wannan karon. Na yi masa kwana uku ina taya shi noma, ban roƙe shi komai ba. Ranar da zan tafi ya ɗauko diga ya haƙo ɗa guda daga gindin namijinsa, ya naɗe saiwar da tsumma mai laima, ya ɗora mini a ka.

Ya ce, "Mai da shi gidansu."

Na dasa shi a jikin kututturen. Dabino ba ya gaggawa. Shekara biyar ina ban ruwa ina kare shi daga awaki, kuma duk sanyi ina bin hanyar bayan duwatsu ina karɓo fure, nawa da na maƙwabta, har na san kowane dutse a hanyar. Fatake suka dawo. Gyaɗa ban bar ta ba, na nemi gona a waje na ci gaba, ita ta yi mini ɗaki ta saya mini shanun noma daga baya. Amma kullum ina shirya abin da zan gaya wa kawu. Na tsara magana ta kai kala ɗari, ina yi ina rushewa.

A shekara ta bakwai da tafiyarsa, sanyin da ɗan namijin ya fara fure, ƙunshi biyu kacal, wani Alhaji ya yi sallama a ƙofar gida. Tare suka tafi da kawu. Da muka ga shi kaɗai ne, mun gane. Ya ce sun sauke farali lafiya, a hanyar dawowa ciwo ya kama kawu, ya rasu a wani gari can gabas, shekara biyu ke nan. Aka yi salati, aka yi kuka, aka yi addu'a. Da aka natsa, Inna tana bayan ƙofar zaure, ni ina gabansa, sai ya ce akwai saƙo.

Ya ce, "Ya ce in gaya wa ɗan ƙanwarsa, namijin dabinon nan na kusurwa, kada ya hana kowa furensa. Ko maƙiyinsa ne ya zo, ya ba shi. Ya ce ya manta bai faɗa masa ba da zai taho, abin yana damunsa." Sai Alhajin ya ƙara da cewa, "Ya ce mini dogo ne, wai tun daga hanya zan hango shi in gane gidan. Na duba ban gani ba, sai da na yi tambaya."

Duk maganganun da na shekara shida ina tsarawa suka gudu. Na buɗe baki zan ce ni na sare shi, sai muryar Inna ta riga ni.

Ta ce, "Dogon ya faɗi, Alhaji, an daɗe. Jikansa ne a wurin yanzu. Ɗana ne ya ɗauko shi a ka tun daga bayan duwatsu. Kuma ba a hana kowa ba."

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, a gaban baƙo, da gemuna. Rabon da ta ce mini "ɗana" shekara shida. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona ni ba. Bayan ta fita takaba, ranar wata Juma'a, na ga ta ɗaura zanen nan na Kano.

Yanzu in na ga samari sun zo da sabuwar sana'a suna zumuɗi, ba na hana su. Sabon abu ba laifi ba ne, ni ma na ci moriyarsa. Abin da nake ce musu shi ne, kafin ka ɗaga gatari a kan abin da ka tarar, nemi wanda ya san dalilin tsayuwarsa, ka zauna ka ji, ko da kuna faɗa da shi a kan awaki. A gona akwai abin da ba ya kawo komai a kwando, amma in ka cire shi kwandon ma ba zai cika ba.

Inna ta yafe mini, tsohon maƙwabci ma ya yafe kafin ya rasu. Wanda ban samu na roƙa ba shi ne kawu, kuma wannan yana nan a raina har gobe. Ya rasu yana ganin dogonsa a tsaye, damuwarsa kawai kada in yi rowar fure. Jikan ya girma yanzu, ya kere sauran, ana hango shi daga hanya. Ni na tsufa da hawa, sai dai a yanko a kawo mini kan buzu. Duk wanda ya zo na miƙa masa, in ya fara laluben aljihu sai in ce ya bari, ba nawa ba ne, na kawuna ne, shi zai yi wa addu'a.